Tsoron notis: fashin baƙi kan fafutukar gyara dokokin haya

Duk inda aka taso da maganar haƙƙin 'yan haya, abin da mutane ke fara kawowa shi ne tsadar kuɗi, wai gwamnati ta sa baki ta ƙayyade farashi kowa ya huta. Ni kam a ganina ba nan ne bakin zaren ba. Tsada matsala ce babba, babu mai musu, amma akwai abin da ya riga ta, wato tsoro. Mutumin da ya san ana iya miƙa masa notis ko yaushe ba tare da an faɗa masa laifinsa ba, wannan mutumin ko doka ta ba shi haƙƙi ɗari ba zai iya neman ko ɗaya ba. Rufi na yoyo zai yi shiru, an ƙara kuɗi ba bisa ƙa'ida ba zai yi shiru, saboda ya san ranar da ya ɗaga murya ranar ce za a ce to malam dama ina buƙatar gidana.

Kuma wannan ba hasashe ba ne. A Ingila an daɗe da wani sashe na dokar gidaje ta 1988, sashe na 21, wanda ya ba mai gida damar fitar da ɗan haya da notis na wata 2 kacal ba tare da ya kawo dalili ba. A 2018 ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kan haƙƙoƙinsu, ta yi bincike ta gano cewa 'yan hayar da suka kai ƙorafi a hukumance kan lalacewar gida, irin su danshi da fumfuna, kusan rabinsu, kashi 46 cikin 100, sun samu notis ɗin fita cikin wata 6. Ka duba wannan da kyau. Doka ta ce wajibi ne mai gida ya yi gyara, wata dokar kuma ta ce yana iya korar wanda ya tuna masa da gyaran. To wacce ce za ta yi aiki a cikinsu?

Shi ya sa masu fafutuka da suka san abin da suke yi suke fara buga ganga a kan kora ba dalili. Abin da suke nema ba wai a hana mai gida karɓar gidansa har abada ba ne, a'a, suna cewa ne doka ta jera dalilai, kamar ƙin biyan haya, ko lalata gida, ko takura wa maƙwabta, ko mai gidan zai shiga da kansa ko zai sayar, sannan ya je gaban alƙali ya tabbatar da dalilin. Jamus ta daɗe a kan wannan tsarin, yarjejeniyar haya a can galibi ba ta da ranar ƙarewa, kuma fiye da rabin mutanen ƙasar a gidan haya suke, har da masu hali, mutum ya yi shekara 30 a gida ɗaya ya yi fenti ya dasa furanni hankalinsa kwance. Sikotland ta soke kora ba dalili a sababbin yarjejeniyoyi tun Disambar 2017. Ingila kuwa ta sha jan ƙafa, gwamnatin firaminista Theresa May ta yi alƙawarin soke sashe na 21 a Afrilun 2019, aka kawo ƙuduri majalisa a 2023 ya mutu da aka rushe majalisar don zaɓen 2024, sai a ƙarshen Oktoban 2025 sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta samu sa hannu. Shekara 6 da rabi tsakanin alƙawari da doka, kuma duk tsawon lokacin nan notis na ta fita, iyalai na ta ɗaure kaya, yara na ta canza makaranta a tsakiyar zango.

Amma akwai wata ƙofa da ake barinta a buɗe idan ba a lura ba. Da zarar an ce sai da dalili, sai kowane mai gida ya zama yana da ɗa da zai yi aure ko yana shirin sayarwa, a fitar da mutum, bayan sati 3 ka ga an sa wani da kuɗin da ya fi na da. Masu rubuta doka da suka san wannan dabarar suna toshe ta. A sabuwar dokar Ingila, idan ka fitar da mutum da sunan za ka shiga ko za ka sayar, ba ka da damar sake ba da gidan haya sai bayan wata 12. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa, a 2017 aka yi dokar da ta ce mai gidan da ya ce shi ko iyalinsa za su shiga sai ya biya ɗan hayar diyyar kuɗin wata guda. Akwai kuma kora ta bayan fage, wato ba za a ba ka notis ba amma za a ninka maka kuɗi yadda dole ka tashi da ƙafarka. Saboda haka hana kora ba dalili ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an haɗa da ƙa'idar ƙarin kuɗi ga wanda ke cikin gida, sau nawa a shekara, da notis na tsawon wane lokaci, da kuma inda mutum zai kai ƙara idan ƙarin ya wuce hankali.

Wannan ya kawo mu kan ƙayyade farashi, inda rigimar ta fi zafi, kuma a nan ina ganin ya kamata masu fafutuka su riƙa faɗa wa kansu gaskiya ko da ba daɗi.

Kalmar ƙayyade haya tana rufe abubuwa daban-daban da mutane ke cakuɗawa. Akwai daskarar da farashi gaba ɗaya, a ce daga yau ba ƙari. Akwai iyakance yawan ƙarin da za a yi wa wanda ke ciki a shekara. Akwai kuma iyakance abin da za a nema daga sabon mai shiga. Sakamakonsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. A birnin San Faransisko na Amurka an faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994 ta shafi ƙananan gine-ginen da aka yi kafin 1980, daga baya masana tattalin arziki na jami'ar Stanford suka bi diddigin abin da ya faru, suka fitar da sakamako a 2019. Sun ga waɗanda dokar ta rufe sun fi zama daram a gidajensu da unguwanninsu, musamman tsofaffi da waɗanda suka daɗe, wannan nasara ce ta gaske. Amma sun kuma ga masu gidajen da abin ya shafa sun rage gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin 100, wasu sun mayar da su na sayarwa wasu sun rushe sun sake gini, abin da ya tura haya sama da kusan kashi 5 cikin 100 a faɗin birnin. Wato na ciki ya tsira, mai nema a waje ya ƙara shan wuya. A Sitokholm na Suwidin haya na da sauƙi idan ka samu gida ta layin hukuma, sai dai layin kan ɗauki wajen shekara 9, a tsakiyar gari ma ya fi haka, kuma matasa da baƙi su ne ke ƙarewa a hayar hannu na biyu mai tsada. A Ajantina dokar 2020 ta ce yarjejeniya shekara 3 ce kuma sau ɗaya ake gyara kuɗi a shekara, a ƙasar da hauhawar farashi ke gudu kamar wutar daji, masu gidaje da yawa suka janye gidajensu daga kasuwa, aka soke dokar a Disambar 2023.

Masu adawa suna ɗaukar waɗannan misalan su ce kun gani, a bar kasuwa ta yi halinta. Ban yarda da su ba. Abin da misalan ke nunawa shi ne yadda aka tsara doka yana da muhimmanci ƙwarai, garin neman gira kada a rasa ido. Jihar Oregon ta Amurka a 2019 ta sa iyakar ƙari a kashi 7 cikin 100 haɗe da hauhawar farashi, ta kuma cire gine-ginen da ba su kai shekara 15 ba don kada masu gini su gudu. Kalifoniya a shekarar ta sa kashi 5 haɗe da hauhawar farashi, amma duka kada ya wuce 10. Irin wannan iyakar ba ta hana mai gida riba, abin da take hanawa shi ne a wayi gari a ce maka an ƙara kashi 40. Birnin Sent Pol na Minnesota ya gwada mai tsauri a 2021, kashi 3 kan kowane gida har da sababbi, neman izinin gini ya faɗi warwas, a 2022 suka dawo suka cire sababbin gine-gine. A Jamus ma ƙa'idar ita ce kada ƙari ya wuce kashi 20 cikin shekara 3, ko 15 a garuruwan da gida ke wuya, kuma tun 2015 akwai birkin da ya hana a nemi fiye da kashi 10 sama da matsakaicin hayar unguwa daga sabon mai shiga a irin waɗannan wuraren. Da birnin Balin ya wuce nan ya daskarar da haya a 2020, kotun tsarin mulki ta rushe dokar a Afrilun 2021, ba don ta ce manufar ba ta da kyau ba, ta ce ne ikon yin wannan dokar na gwamnatin tarayya ne ba na birni ba, kuma 'yan haya da yawa suka tashi da bashin cikon kuɗin da aka rage musu. Darasin nan yana da ciwo, kafin ka tara jama'a ka san wace majalisa ce ke da hurumin abin da kake nema.

Sai kuɗin shiga gida, wanda a wurare da yawa ya fi hayar kanta karya mutum. Kuɗin gaba na shekara ko biyu, da la'adar ejan, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya wanda kowa ya san da wuya ya dawo. Mutum na karɓar albashi wata-wata amma ana so ya ajiye na wata 24 a dunƙule, daga ina? Daga bashi mana, ko sayar da abin da ya mallaka. Gyaran da aka gwada a nan masu sauƙin fahimta ne. Jamus a 2015 ta ce wanda ya ɗauko ejan shi zai biya shi, kuma dama can kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata 3. Ingila a 2019 ta haramta yawancin kuɗaɗen da ejan ke caza daga ɗan haya ta kuma tsayar da kuɗin ajiya a hayar sati 5 ga yawancin gidaje, sannan tun 2007 dole mai gida ya sa kuɗin ajiyar ƙarƙashin wani tsari mai zaman kansa da hukuma ta amince da shi, idan an tashi fita aka yi gardama kan bangon da ya yi datti ko ƙofar da ta karye, wani na tsakiya ne zai duba hotuna da takardu ya raba gardama. Sifen ma a dokarta ta 2023 ta mayar da la'adar ejan kan mai gida. Hikimar a fili take, ejan mai gida yake yi wa aiki, mai gida ne ke da ikon ya yi ciniki da shi ko ya canza shi, ɗan haya kuwa ba shi da zaɓi sai ya biya abin da aka yanka masa.

To amma ga Gana. Dokar hayarta ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6, dokar na nan a rubuce fiye da shekara 60, kuma har yau a manyan biranen ƙasar shekara 1 ko 2 ake nema a biya. Me ya sa? Saboda idan mutum 10 na neman ɗaki ɗaya, wanda ya ce doka ta ce wata 6 shi ne zai koma gida hannu rabbana, na bayansa ya riga ya zaro kuɗin shekara 2. Babu wanda zai kai ƙarar mutumin da yake roƙo ya ba shi makulli. Wannan misalin ya kamata duk mai fafutuka ya riƙe shi, domin yana nuna dokar da ta dogara kacokan kan mai rauni ya kai ƙarar mai ƙarfi ba za ta yi tafiya ba. Dole a samu hukumar da ke bincike da kanta, da rajistar masu ba da haya, da tara mai zafin da za ta sa mutum ya yi tunani sau biyu.

Maganar aiwatarwa ita ce ta fi gundura, ba ta jan jama'a zuwa zanga-zanga, amma wallahi a nan ake ci ko a faɗi. Ka shiga kotun da ake shari'ar haya ka gani. Lauyan mai gida na zaune da fayil 20 a gabansa, ya san magatakarda ya san kowane sashe. Ga wata mata ta baro aikinta na ranar, ta zo da rasit a cikin leda da hotunan silin da ya rufto a wayarta, ba ta san cewa notis ɗin da aka ba ta ma bai cika kwanakin da doka ta ce ba, a baranda lauyan zai tare ta da murmushi ya ce hajiya mu sasanta kawai ki sa hannu a nan a ba ki wata guda, ta sa hannu tana godiya, alhali da akwai wanda ya duba mata takardar da an kori ƙarar. Birnin Niyok na Amurka ya kalli wannan ya yi doka a 2017 cewa mai ƙaramin ƙarfi da ake neman fitarwa yana da haƙƙin lauya kyauta. Kafin nan, a 2013, kusan 1 cikin 100 na 'yan haya ne ke zuwa da lauya, masu gida kuwa kusan dukansu. Bayan dokar, rahotannin birnin sun nuna kusan kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka samu lauya sun ci gaba da zama a gidajensu. Ba a canza ko harafi a dokar haya ba wajen samun wannan, mutum kawai aka tsayar a gefensu. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar, tsarin mulkinta a sashe na 26 ya ce ba a fitar da kowa daga gidansa sai da umarnin kotu, dokar 1998 ta fayyace yadda za a yi, sannan dokar 1999 ta kafa kotunan sauraron rigimar haya a larduna inda ake kai ƙara kyauta. Wannan yana da muhimmanci domin mafi munin kora ba ta bi ta kotu ma sam, canza kwaɗo ne, yanke wuta da ruwa, cire ƙofa, watso kaya waje, kuma sai doka ta kira wannan laifi ƙarara 'yan sanda ke daina cewa ku je ku sasanta.

Kan lafiyar gida kuwa, labarin da ya girgiza Ingila shi ne na Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 da ya rasu a Disambar 2020 a Rochdale sakamakon shaƙar fumfuna a gidan da iyayensa ke haya, bayan sun yi ta kai kuka ba a gyara ba. Dokar da aka sa wa sunansa ta sa wa'adi, kwana kaza a zo a duba, kwana kaza a fara gyara. Kalmar "cikin lokacin da ya dace" da ake sawa a dokoki ita ce mafakar mai jan ƙafa, lamba ita ce ke kama mutum.

Yanzu bari mu yi wa masu gida adalci, don fafutukar da ta mayar da kowane mai gida azzalumi tana rasa abokai a banza. Akwai kamfanin da ke da gidaje dubbai, akwai kuma dattijon da ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina ɗaki 4, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida ɗaya da shi take ciyar da marayu. Idan ɗan haya ya ƙi biya ya kuma ƙi fita, shari'a ta ɗauki shekara 2, wannan matar ta shiga uku. Kuma jinkirin kotu shi ne ke sa masu gida neman kuɗin shekara 2 a gaba da tsauraran sharuɗɗa, suna kare kansu ne tun kafin a shiga. Don haka kotu mai sauri da araha buƙatar ɓangarorin biyu ce, kuma mai fafutuka mai wayo zai sa ta a cikin buƙatunsa tun farko, ya raba ƙananan masu gida da manyan kamfanoni maimakon ya haɗa su a layi ɗaya su yaƙe shi tare.

Ta yaya ake cin nasara? Tarihi bai ɓoye ba. A 1915 a birnin Gilasgo na Sikotland, maza na fagen yaƙin duniya na ɗaya, ma'aikata sun cika gari saboda masana'antun jiragen ruwa da makamai, masu gidaje suka ga dama ta samu suka ƙara haya. Matan unguwar Govan ƙarƙashin Mary Barbour suka ce ba za su biya ƙarin ba. Tsarinsu mai sauƙi ne, mace ɗaya za ta zauna gadi a bakin gini da ƙararrawa, da ta hango jami'in kotu ya doso sai ta kaɗa, mata su fito daga kowane lungu su cika matakala ya rasa ta inda zai bi. Zuwa Nuwamba gidaje wajen 20,000 sun shiga yajin biyan haya, ranar 17 ga watan da aka gurfanar da wasu 'yan haya 18, dubban mutane har da ma'aikatan jiragen ruwa suka yi dafifi a kotun, aka janye ƙarar, kafin shekara ta ƙare majalisa ta yi dokar da ta mayar da hayar ƙananan gidaje yadda take kafin yaƙi. A Faransa kiran da wani limamin coci mai suna Abbé Pierre ya yi ta rediyo a hunturun 1954 ya taimaka wajen samar da dokar 1956 da ta hana fitar da mutane a lokacin sanyi, wanda yanzu ke kamawa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. A Suwidin ƙungiyar 'yan haya na da mambobi sama da rabin miliyan, ita ke zama da masu gidaje duk shekara a yi cinikin ƙari kamar yadda ƙungiyar ƙwadago ke cinikin albashi.

Wahalar haɗa 'yan haya ita ce ba su zama wuri ɗaya, yau suna nan gobe sun tashi, da yawa ba su da rajistar zaɓe a inda suke, kuma kowa na ganin haya zaman wucin gadi ne kafin ya gina nasa, ga tsoron kada mai gida ya ji sunansa. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka yi ƙarko suke farawa daga gini ɗaya da matsala ɗaya, famfon da ya lalace ko kuɗin ajiyar mutum ɗaya da aka riƙe, a rubuta takarda kowa ya sa hannu yadda ba za a ware mutum ɗaya a hukunta shi ba, a ci wannan, sannan a wuce gini na gaba. Suna ajiye rasit da hotuna da kwafin notis, domin ɗan majalisa na iya musa labari amma da wuya ya musa takardu 500 da aka ajiye masa a tebur. Kuma suna zuwa da ƙudurin da lauyoyinsu suka rubuta sashe-sashe, ba su tsaya kan a yi mana adalci kawai ba.

Duk da haka doka ba ta gina ɗaki. Inda gidaje suka yi ƙaranci, mai gida ne sarki ko me aka rubuta, misalin Gana ya isa shaida. Biyana babban birnin Ostiriya ana yawan ambatonsa saboda tun shekarun 1920 hukumar birnin ke gina gidaje, yau tana da wajen 220,000 nata na kanta, kuma kusan rabin mazauna birnin na zaune a gidajen hukuma ko na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, wanda hakan ke sa mai gida mai zaman kansa ba ya iya tsuga kuɗi yadda ya ga dama tunda mutane na da wurin zuwa. Masu cewa a yi gini kawai a bar maganar haƙƙi, da masu cewa a yi doka kawai gini ba ruwanmu, duka sun riƙe rabi ne. Gini na ɗaukar shekaru, iyalin da aka ba notis yau kuwa ɗan lokaci kaɗan gare su.

A Balin, a Satumbar 2021, masu zaɓe sama da miliyan 1 suka amince a ƙuri'ar raba gardama cewa birnin ya karɓe gidajen kamfanonin da ke da fiye da 3,000 ya biya su diyya. Ƙuri'ar ba ta tilasta wa gwamnati ba, aka kafa kwamitin masana, kwamitin ya ce a 2023 abin mai yiwuwa ne a doka, shekaru suka wuce ba a karɓi gida ko ɗaya ba, masu fafutukar suka koma suka zauna rubuta cikakkiyar doka da kansu don a sake kai ta gaban masu zaɓe, wadda in ta wuce gwamnati ba ta da damar ajiye ta a durowa.